Tantin da ke Fili na Sha Huɗu

Zangon Gandun Daji,
Laraba, 28 ga Satumba, 1994.

Zuwa ga Yaya Aili,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Walfred. Yaya gwiwar? Kin ce likita ya hana ki hawa bene, ni kuwa na san ki, ba ji za ki yi ba. Ki gaida mini Walfred, ki ce na ce ya rage gishiri, in ba so yake ya tafi ya bar ki yadda mijina Reino ya rasu ya bar ni ba. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da ya fara shiga ƙashi.

Wasiƙarki ta same ni ranar Litinin da na shiga gari. Na ga kin sake tayar da maganar nan, wai mace mai shekara sittin da uku ta rasa abin yi sai kwana a tanti tana gadin zango. Haba Yaya! Shekara arba'in na yi ina kafa tanti tare da Reino, daga zangon da mota ke zuwa har wanda sai an wuni ana tafiya da kaya a baya. In na koma gida ɗakin nan cinye ni yake yi. Nan kuwa aikina bai taka kara ya karya ba. In zagaya filayen kafa tanti talatin da biyu safe da yamma, in duba takardar rajistar da kowa ya maƙala a turken filinsa, in kashe wutar da aka bari, in yi wa masu barin abinci a waje faɗa kafin beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan, ta zo ta yi musu nata. Saura mako uku a rufe zangon, sai ki gan ni.

Bari dai in gaya miki abin da ya tsaya mini a rai, don in ban faɗa wa wani ba fashewa zan yi. Ganyaye sun fara ja, kin kuwa san ranar Juma'a mutanen birni za su kwararo kallo. To sun fito da wani sabon iya shege. Mutum zai zo tun farkon mako, ya kafa wani tsohon tanti a filin da ya fi kowanne kyau, ya cika takarda, ya shiga motarsa ya koma gida. Sai Juma'a ya dawo da iyalinsa yana taƙama kamar gonar ubansa. Tantin kamun wuri muke ce masa. Bawan Allah ya taso daga uwa duniya da 'ya'yansa, ya tarar ko'ina tanti, ba kowa a ciki, dole ya juya. Bana kaɗai guda tara na sa aka kwashe. Wani mai ƙatuwar mota har yatsa ya nuna mini, wai, "Ke tsohuwa, dajin naki ne?" Na ce, "Ba nawa ba ne, amma ni aka ba wa tsaronsa. Kwashi tsummanka ka ba mutane wuri."

Yanzu ga na goma, kuma a fili na sha huɗu, na bakin rafi, wanda ni da Reino muka fi so. Ranar Litinin na tafi gari wanki da cire haƙori, ban dawo ba sai da duhu ya fara, na wuce tantina na kwanta da kumburarren kunci. Talata da safe sai ga tanti kore a sha huɗu, a zuge, ba mota, ba motsi. Da yamma haka. Yau da safe haka. Sunan da ke takardar wai O. Sandvik. Har da wata 'yar takarda ya ninke gida huɗu ya cusa a ƙarƙashinta. Na san karatun, na haddace shi: "Muna nan tafe ranar Juma'a, don Allah kada a taɓa." Duk haka suke rubutawa. Ko buɗewa ban yi ba. Na ɗora masa takardar gargaɗi, rawayar nan, na matse a kai.

Delmar, malamin dajinmu, ya biyo da rana ya ce, "Lorna, kin leƙa ciki kuwa?" Na ce, "Ni? In zuge tantin wani? Ba haka aka rene ni ba. Na tsaya na kira sau uku, na girgiza igiya, shiru." Ya yi dariya ya ce, "To sarauniyar zango, ki ba shi gargaɗi na biyu gobe, Juma'a mu kwashe." Ka'idar ke nan, kuma a kan ka'ida nake.

Abu ɗaya ne kawai ya ɗan tsaya mini. Wanda ya kafa tantin nan ya iya. Ya karkata turakun yadda ya kamata, ya haƙa 'yar hanyar ruwa ta zagaye shi, ya faskara itace ya jera ya rufe da leda. Ƙullin igiyarsa irin na Reino ne sak. Masu kamun wuri ba su cika wahalar da kansu haka ba. Amma wa ya sani, ƙila kakansa ya ɗauko ya kafa masa.

Tun Talata da yamma ake ruwa, yau kuma da asuba na tarar ruwan bokitina ya yi ƙanƙara a sama. Ki aiko mini da safar ulun nan da kika yi alkawari tun bara. Ki huta lafiya.

Ni ce ƙanwarki,
Lorna.


Zangon Gandun Daji,
Juma'a, 30 ga Satumba.

Yaya Aili,

Ina gaishe ki, ina gaida Walfred, Allah ya sa kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun nan. Ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Yaya, na yi abin da ba zai gyaru ba.

Jiya na kai gargaɗi na biyu, na ɗora kan na farko. Raina a ɓace yake, har na ƙara da biro a ƙasa: "In ba ka zo gobe ba, za mu watsar da kayanka." Yau tun ƙarfe takwas motoci suka fara layi a ƙofa. Wasu miji da mata suka ga sha huɗu suka ce suna so. Na kira Delmar ta rediyo, ya zo, muka nufi wurin da buhun kwashe kaya. Ina tafe ina mita, ina cewa yau zan ga ƙarshen rainin wayo.

Delmar ne ya zuge tantin. Sai na ga ya tsaya a durƙushe. Na leƙa ta kafaɗarsa. Tantin kamun wuri fanko ne, Yaya, ko tsinke ba ka samu a ciki. Wannan kuwa ga shimfiɗa an gyara ta tsaf, ga takalmin roba an jera a bakin ƙofa, ga littafi mai manyan baƙaƙe da gilashin ƙara girman rubutu a kai. Ga kuma akwatin maganin nan mai gida bakwai, kowace rana da nata, irin na Walfred. Gidan Litinin ba komai. Na Talata an sha na safe, na yamma yana nan. Laraba, Alhamis, Juma'a, duk a cike.

Ban san lokacin da na isa turken ba. Na fizge rawayen takarduna biyu, na zaro tasa. Ta jiƙe, amma da fensir ya rubuta, bai goge ba. Ga abin da ke ciki, ba zan manta da ko harafi ɗaya ba:

"Ga mai kula da zango. Na tafi kamun kifi tsohon zangon Tafkin Duwatsu Uku, ta hanyar arewa. Zan dawo yau Talata kafin ƙarfe huɗu. Shekaruna saba'in da takwas, ni kaɗai ne. In ba ku gan ni ba, can za ku neme ni. Na gode. Orrin Sandvik."

Har da na gode, Yaya.

Kin tuna Reino? Ko rafi zai gangara sai ya bar takarda a turke. Shi ya koya mini, ni kuma na koya wa mutum ya fi ɗari a zangon nan. Da bakina nake cewa, kafin ka shiga daji ka rubuta inda za ka da lokacin dawowarka, ka soke a turke, wani zai karanta. Ni ce wanin. Kwana uku ina wuce ta, na taɓa ta da hannuna sau biyu, na danne ta da tawa.

Delmar ya karanta, fuskarsa ta yi fari fat. Ya ruga mota yana kira ta rediyo. Kafin ƙarfe goma mutum goma sha biyu sun taru da kare da gadon ɗaukar marar lafiya. Zangon tafkin nan mil shida ne daga nan, ba hanyar mota, duwatsu ne da saiwoyi, ga ruwan kwana uku. A tsakiyar mako ba mai zuwa can. Na ɗaura takalmina na ce zan bi su. Delmar ya ce, "Lorna, za ki rage mana sauri. Zauna ki riƙe rediyo." Gaskiya ya faɗa, amma ta yi mini zafi.

An samu lambar 'yarsa a bayan takardar rajista, an kira ta daga ofis. Ashe idonsa ne ya yi rauni, aka karɓe masa tuƙi. Ita ta kawo shi ranar Litinin da rana, ta koma, da nufin ta zo ta ɗauke shi ranar Lahadi. Dalilin rashin motar ke nan. Da ina nan da na gan su. Da na buɗe takardar kuwa, ko ba na nan ranar da suka zo ma ba komai. Da na sani ƙeya ce.

Yanzu ƙarfe uku na yamma. Zango ya cika maƙil, ana gasa nama, ana kiɗa, wata mata ta zo tana yi mini ƙorafin wai banɗaki ba takarda. Na dube ta kawai. Ina zaune a kan teburin sha huɗu da rediyo a cinyata. Ina ta lissafi: in yana da ashana, in ya samu inda zai fake, in rigarsa mai kauri ce. Tsofaffin 'yan daji suna da taurin rai. Reino ya taɓa kwana biyu da karyayyen idon sawu ya fito. Amma Reino lokacin yana da shekara arba'in, kuma da bazara ne.

Ki yi masa addu'a, Yaya. Ni na kasa, in na fara sai in ji kunya ta rufe mini baki. Zan ba mai kai wasiƙu wannan kafin ya wuce.

Ƙanwarki,
Lorna.


Zangon Gandun Daji,
Lahadi, 9 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayata Aili,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, Walfred kuma yana nan ƙalau. Saƙonki ya iso, safa ta yi daidai, na gode. Na ga kin kira ofis sau uku. Ki yafe mini, ba zan iya faɗin wannan ta waya ba, shi ya sa na ƙi zuwa.

Sun same shi ranar Juma'ar nan wajen ƙarfe biyar. Ya riga ya rasu.

Santsin dutse ne ya kwashe shi a bakin tafki, ƙashin ƙugunsa ya karye. Daga nan ya ja jiki, taku wajen ɗari biyu, har murhun zangon. Delmar ya ce duk wani tsinke da hannunsa zai iya kaiwa ya jawo ya ƙona, har sandar kamun kifinsa da taswirarsa. Kwalin ashana ba ko ɗaya. Usur yana rataye a wuyansa. Bai kwanta yana kallon tafki ba, Yaya, ya juya ne yana fuskantar hanyar da mutane za su ɓullo.

Na matsa wa Delmar sai ya gaya mini abin da likita ya ce. Ya yi ta kwana-kwana, na ce, "Kada ka mai da ni yarinya." Sai ya ce karayar ba za ta kashe shi ba, sanyi ne, kuma ya kai har yammacin Alhamis da ransa. Kin gane ko? Ranar Laraba, ina zaune ina rubuta miki wasiƙa ina zaginsa, ina roƙon safa, yana can da rai yana busa usur. Da na buɗe takardar a zagayen yamma na Talata, da a gadon asibiti zai wayi gari yana yi wa ma'aikata mita.

Delmar mutumin kirki ne, shi ma abin yana cinsa. Ya nuna mini rahoton da ya rubuta: "An ga takardar mamacin ranar Juma'a da safe." Ya ce, "Ba ƙarya na rubuta ba. Ni ma na wuce turken nan. Ki bar shi haka, aikin gama ya gama." Na ce, "Ba ƙarya ba ce, Delmar, amma ni da kai mun san ba ita ce gaskiyar ba." Ya ce, "To me faɗin zai dawo da shi?" Na miƙa masa rahotonsa. Wallahi a raina na ji daɗin mafakar da ya ba ni. Wannan ma sai na faɗa miki.

Ba wanda ya iya taɓa tantin. Ranar Lahadin da ta wuce, ranar da dama za ta zo ɗaukarsa, sai ga 'yarsa. Britta sunanta, za ta yi shekara hamsin, doguwa, idanunta sun kumbura. Ta zo mini da burodin da ta gasa da kanta, a naɗe cikin tawul. Ta riƙe hannuna ta ce, "An ce ke kika gano takardar. Ba don ke ba da har yanzu yana can. Na gode, Anti." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kin san irin tantin nan na da, mai kauri, mutum ɗaya ba ya iya ninke shi. Ta ce in taimaka mata. Muka cire turaku, muka shimfiɗa shi, ta kama kusurwa biyu na kama biyu. Muna ninkewa tana ba ni labarinsa. Shekara arba'in da ɗaya yana zuwa tafkin nan kowace kaka. Da ƙarfinsa ya ragu ya daina ɗaukar tanti zuwa can, sai ya kwana nan ya je ya dawo a wuni ɗaya. Ta ce bana sun yi faɗa sosai, ta ce ba zai je ba. Ta ce masa, "Baba, in ka faɗi wa zai sani?" Sai ya yi mata dariya ya ce, "Ke 'yar birni ce. A zango akwai mai kula, kuma ɗan tanti ba ya wuce takardar turke bai karanta ba. Shekara arba'in ban ga an yi ba." Ta ce da wannan maganar ya rufe mata baki ta kawo shi.

A lokacin mun matso da kusurwoyin, hannuna yana taɓa nata. Na ce, "Britta, ba ranar Juma'a na ga takardar ba. Tun Talata da safe na gan ta. Na ɗauka masu kamun wuri ne, na ƙi buɗewa. Ranar Laraba na ɗora tawa a kai."

Ta tsaya cak. Ta ce, "Talata?" Na ce, "Talata." Na zaro rawayen takardun daga aljihuna, don tun ranar suna jikina, na miƙa mata. Ta karanta ta farko, ta karanta ta biyu har inda na ƙara da biro. Na so ta mare ni, Yaya. Na so ta yi ihu duk zango ya ji. Ba ta yi ba. Ta mayar mini da su ta ce, "Riƙe abinki." Sannan ta ce, "Kama can, mu ƙarasa."

Haka muka ƙarasa ninke tantin ubanta. Ta ɗaure shi da irin ƙullinsa, muka ɗauka tare muka sa a mota. Ta shiga, ta kunna, sai ta sauke gilashi ta ce, "Ban san abin da zan ce miki ba. Ƙila wata rana in sani. Yau dai ban sani ba." Ta ja mota ta tafi. Burodin yana kan tebur. Na kasa ci, na kasa zubarwa, yana cikin akwatin ƙarfen da muke ɓoye abinci har ya bushe.

Washegari na je ofis na sa Delmar ya gyara rahoton. Sun ce za su zauna a kai bayan an rufe zango. Ko su bar ni ko su sallame ni, duk ɗaya ne a wurina.

Kin rubuto cewa in tattara in dawo, wai kowa zai iya yin wannan kuskuren, wai masu kamun wurin ne suka ja. Na gode, amma kada ki sake faɗa mini haka. Sau tara na yi zato ya zama daidai, shi ya sa na goma na ga ba sai na duba ba. Ninki huɗu ne kawai, Yaya. Ko numfashi biyu ba zai ɗauke ni ba.

Ranar Laraba da safe na ga sabon tanti a fili na bakwai, a zuge, ba mota, ga ninkakkiyar takarda a turke. Na yar da bokitina na ruga, ni da ban yi gudu ba shekara goma. Na buɗe ta. An rubuta: "Muna nan tafe ranar Juma'a, don Allah kada a taɓa." Na karanta sau biyu. Na zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙen ganye na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka binne Reino. Da na gama na tashi na zuge tantin na duba duk da haka. Ba komai a ciki.

Zan zo ranar ashirin ga wata in Allah ya kai mu. Roƙona ɗaya. Wasiƙar nan ta farko, ta ranar Laraba, na san halinki, za ki jefa ta a murhu don ki rufa mini asiri. Kada ki ƙona ta. Ki ajiye mini, zan haɗa ta da rawayen takarduna.

Ki gaida Walfred. Allah ya bar mu tare.

Ni ce ƙanwarki,
Lorna.